Shekarar da Kwaɗi Suka Riga Masara

Ruwan bana ya sauka ba sau ɗaya ba, kududdufin da ke bayan gidanmu a Taba ya cika har ya taɓo gindin giginya, amma ban ji kukan kwaɗo ba. Kowace magariba in na idar da salla sai in ja tabarmata bakin danga in kasa kunne. Ba abin da nake ji sai janareton mai cajin waya da sauro. Irin masarata ya yi ta zama a tulu, na cuɗe shi da toka na toshe bakin da tsumma, shi kuwa autana Habu ya ishe ni da magana. Wai kowa ya shuka, tasa har ta fitar da kunne, ni me nake jira? Na ce masa abin da nake jira ya girmi wayarsa, ya tashi ya ba ni wuri. Ya yi dariya ya fita. Da ya san abin da dariyar nan ta tono mini, da bai yi ta ba.

A gidan ubana ba a shuka sai kwaɗo ya yi ƙwai. Haka na tashi na tarar, kuma ba camfi ba ne, kada wani ya kawo mini wannan zancen. Baba ya ce kwaɗo yana wuce rani ne a binne cikin laka, can ƙasa inda sauran sanyi yake, bai ci ba bai sha ba. Yayyafi ba ya tashinsa. Sai ruwa ya ratsa ƙasa ya kai inda yake kwance sannan zai tono kansa ya fito. Ko ya fito ɗin ma, Baba ya ce kada a biye wa kukansa, don namiji ne ke kuka, kuma namiji ko ba komai zai kumbura wuya ya cika gari da hayaniya. Tamatar ake kallo. Ita ba ta zuba ƙwanta sai ta ga ruwan da zai zauna ya raini 'ya'yanta. Ran da aka ga ƙwai a bakin kududdufi, ranar ake fito da iri.

Shekarar da nake ba da labari ina yarinya, na isa tallar ƙuli amma ban isa daka ni kaɗai ba. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, kan bazara ta tsaya rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye. Gandu muke a lokacin, wato Baba da yayansa Baffa Iro gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma Baffa ke da magana saboda shi ne babba. Shi ke hawa rumbu, shi ke auna wa kowane ɗaki abin da zai ci. Tuwo ya koma sau ɗaya a wuni, daga baya ya koma kunu, kunun ma kana hango fuskarka a ciki. Zafi kuwa ba a magana. Da hantsi ƙasa ta riga ta ɗauki wuta, in an aike ki sai ki riƙa gudu daga inuwa zuwa inuwa. Rijiya ta janye, aka yashe ta aka sake yashewa, mu 'yan mata mu kan yi asubanci mu zauna bakinta muna jiran ta tara abin da guga zai ɗebo, rabinsa laka.

Abu ɗaya ne ba a taɓa ba duk yunwar nan: iri. Zangarniyar dawa da ta gero suna ɗaure a saman rumbu, masara kuma Inna ta rataye ta a madafi inda hayaƙi ke dukanta don kada ƙwaro ya shiga. Kullum muna hura wuta a ƙarƙashinta, cikinmu na ƙugi, muna ɗaga kai muna kallonta. Ƙanwata Lami, wadda ba ta wuce a goye ta ba in ta gaji, ta taɓa tambayar Inna me ya sa ba za a gasa ɗaya kawai ba. Inna ta ce wannan ba abinci ba ne, uwar abinci ce, in aka ci ta an gama ci.

Lami ce mai kwaɗi a gidanmu. Akwai wani ƙato da ya maƙale a gindin randar Inna tun farkon rani, inda ruwa ke tsattsafowa, ta sa masa suna Ɗan Randa. Kowace safiya sai ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ya kwanan iyali, ta kuma amsa masa da kanta. In aka zo shara ita ke tsare tsintsiya. Yarinya ce mai surutu, har da yunwar bakinta bai mutu ba.

Sai ga shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci, gari ya ɗauki murna. Ba a jima ba wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, da iska da cida kamar za a tashi duniya. Iskar ta yaye jinkar ɗakin awaki, ta zubar da ɗanyen mangwaro, sannan ruwan ya zubo. Ƙamshin ƙasa ya tashi, muka fita muna tsalle da baki buɗe. Amma hayaniyar ta fi ruwan yawa, kafin a kira magariba ya ɗauke. A daren an ji kwaɗi, jefi-jefi, ɗaya nan ɗaya can.

Da gari ya waye Baba ya tafi kududdufi, na bi shi da buta. Ɗan ruwa ne ya kwanta a tsakiya, ko idon sawu bai kai ba. Ya zagaya shi yana buɗa ciyawa, babu ƙwai. Ya shiga gona ya tona da hannu, bai kai tsawon yatsa ba ya tarar da busasshiyar ƙasa tana ƙura. Muka dawo muka iske Baffa a ƙofar gida ya riga ya sauko da iri, an jera sungumi, maƙwabta na tsaye. Baba ya durƙusa ya gaishe shi yadda ƙane ke gaida wa, sannan ya sassauta murya.

"Yaya, a yi haƙuri a ɗan dakata. Ba su yi ƙwai ba, ƙasa kuma ba ta sha ba. In ma za a shuka, ko rabi ne a rage."

Da a ɗaki ya faɗa masa, wataƙila da ya ji. Amma a gaban mutane ne, kuma Baffa mutum ne da ya gwammace ya faɗa rijiya da a ce ƙanensa ne ya nuna masa bakinta. Ya dubi maƙwabta ya yi murmushi.

"Kun ji fa. Ni da gonar ubana, sai kwaɗo ya ba ni izini."

Aka yi dariya. Ya ce shamuwa ta zo, kwaɗin ma ai sun yi kuka, kowa ya ji da kunnensa, kuma wanda ya riga shuka shi ke riga fita daga yunwa. Baba ya sunkuyar da kai bai ƙara ba, don a wancan zamani ƙane ba ya maimaita magana ga wansa. Har madafi Baffa ya aika aka kwance masarar Inna, ya ce iri duk na gandu ne. Inna tana tsaye da muciya a hannu tana kallo.

Muka fita gona gaba ɗaya. Maza a gaba suna sara da sungumi, mu a baya da ƙoƙo, a jefa, a rufe da diddige, a taka gaba. Da hannuna na jefa, shi ya sa har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Ba mu tashi ba sai da ƙoƙo ya koma fayau. Da yake saman ƙasa da ɗan laima, shukar ta fito, kore shar, layi-layi gwanin sha'awa. Baffa ya riƙa zagaya gona da hannu a baya, in ya haɗu da Baba sai ya tambaye shi ko kwaɗi sun aiko da saƙo.

Daga nan sama ta washe ta yi fes, kamar an wanke kwano an kife. Kullum da yamma gajimare ya taso, mu fito mu zuba masa ido, iska ta kwashe shi ta yi Makarfi da shi. Shuka ta fara naɗe ganye da rana tana warwarewa da asuba, daga baya ta daina warwarewa. Ta yi fari, ta yi ja, in ka murza ta sai ta zama gari a hannunka. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, dattawa da riguna a juye, aka yi sadakar gumba da ɗan abin da ya rage. Ba mu kaɗai muka yi asara ba, gidaje da yawa sun shuka a wannan ruwan. Amma kowa ya rage wani abu a ƙasan tulu saboda halin sama. Mu kaɗai ne muka juye namu ƙarƙaf.

Ran da ruwan gaskiya ya zo bai yi wata hayaniya ba. Tun azahar ya tsinke kamar da bakin ƙwarya, ya wuni, ya kwana, bango na jiƙa yana zubowa. Da magariba ta biyu sai ƙasa ta buɗe baki. Ban taɓa jin kukan kwaɗi irin na ran nan ba, masu ƙaramar murya da masu babba, daga kududdufi, daga fadama, daga kwatar gida, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ɗan Randa ma ya bar gindin randa, Lami ta ce ya tafi biki. Da safe muka je kududdufi muka gani. Ko'ina ka duba tamata ce ƙatuwa da ɗan namiji maƙale a bayanta, ya rungume ta ta ƙarƙashin hammata, tana zuba ƙwai yana bi. Ƙwan ya naɗe ciyawar bakin ruwa, yauƙi-yauƙi kamar miyar kuɓewa, da ɗigon baƙi a jere a ciki. Baba ya tsaya a kansu ya daɗe. Ga ranar shuka ta zo, ga ƙasa ta yi laushi har gwiwa, ga sungumi a jingine, ba ko ƙwaya ɗaya a gidanmu.

Baffa ya ce haka Allah ya so. Na sani, komai da ikon Allah yake. Amma Allah bai hana shi rage rabi ba.

Maƙwabta ba su da rarar da za su ba mu, kowa na fama da nasa gyauron. Baba ya ɗauki fartanya ya nufi fadamun Makarfi yin ƙodago a gonakin rake, a kan a biya shi da iri. Baffa bai je ba, wai babba ba ya barin gida. Muka zauna muna kallon gonakin mutane suna tsirowa, tamu tana cika da ciyawa.

A kwanakin ne ƙwan ya ƙyanƙyashe. Bakin kududdufi ya yi baƙi da talibambam, 'ya'yan kwaɗon nan da ba su da komai sai kai da wutsiya. Lami ta matsa sai da na ɗebo mata kaɗan a fasasshen tulu, na zuba musu gansakuka su riƙa ci, muka ajiye a inuwar rumbu. Tana durƙushe a kansu ta tambayi Inna yaushe za a gasa masara. Inna tana tsince tafasa, hankalinta na wani wuri, sai ta ba ta amsar da ake ba kowane yaro kowace shekara.

"In wutsiyarsu ta ƙare, masara ta yi goyo, sai a gasa miki."

Maganar gaskiya ce a shekarar kirki, don tare ake shuka masarar bayan gida da zuban ƙwai, tare suke girma. Sai da ta fita daga bakinta sannan Inna ta tuna bana masarar ko ƙasa ba ta shiga ba. Na ga ta ɗago kai ta buɗe baki za ta gyara, amma Lami ta riga ta juya tana gaya wa talibambam su yi sauri.

Kafin Baba ya dawo sun yi ƙiba, har 'yan ƙafafun baya sun fara tsirowa a gindin wutsiya. Ya shigo ya rame, ƙafa duk faso, da ɗan ƙullin iri a kafaɗa, wanda bai kai rabin abin da muka binne ba. A ranar muka shuka.

Sauran kuwa jira ne, kuma jiran da ciki ba komai ba ƙaramin aiki ba ne. Damina ta zauna sosai, ko'ina kore, amma kore ba ya cika ciki. Da safe mu fita tsinkar tafasa da rama, Inna ta dafa ta matse ta barbaɗa gishiri. In an samu dusa a yi fate. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafi, ɗaki na yoyo, tabarma ba ta bushewa. Manya suka jure, suna noma suna ɗaure ciki da ɗankwali. Cikin Lami ne ya ƙi ganye. Ta fara zawo, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Surutun ya ragu. Ta daina zuwa ko'ina sai gindin rumbu, in ta kasa tafiya in ɗauke ta in kai ta. Ta samu wani ɗan tsinke tana gwada wutsiya da shi kowace safiya.

Ni na san wutsiyar kwaɗo ba faɗuwa take ba, kamar yadda yara ke cewa. Shanyewa take. Na ga abin da idona, don ni ma kullum ina kai. Ƙafafun baya suka yi tsawo suka fara harbi. Wata safiya hannuwa suka ɓullo ta gefen wuya. Baki ya faɗaɗa, idanu suka hau saman kai, suka daina cin gansakuka, suka riƙa tasowa suna shaƙar iska. Wutsiyar kuma kullum tana raguwa, jikin na tsotse ta. Ni kuwa in bar gindin rumbu in zagaya bayan gida in duba masara, in ga ko ƙuguna ba ta kai ba.

Har dabara na yi. Na ɗauki ƙoƙo na tafi kududdufi neman masu doguwar wutsiya in musanya mata, ko ma samu 'yan kwanaki. Na shiga ruwa har cinya ina tacewa. Duk wanda na kamo da hannuwansa da guntuwar wutsiyarsa, saboda duk ruwa ɗaya ya haife su. Na zauna bakin ruwan na yi kuka, na zagi Baffa da sunansa, abin da da an ji ni da na sha duka.

Ran da abin ya faru ana yayyafi. Na kai ta gindin rumbu, ta leƙa, ga su sun hau gefen tulun sun zauna, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, kwaɗo sosai da komai nasa. Ta sa tsinkenta ta juya ɗaya. Sannan ta kira Inna, muryar can ƙasa.

"Inna, ta ƙare."

Ba ta yi rigima ba, ba ta ce ina masarar ba. Ta dai zuba wa Inna ido tana jira. Inna ta ce to, bari ta dubo, ta zagaya bayan gida inda masara ko goyo ba ta yi ba, ta daɗe ba ta dawo ba. A kwanakin nan ƙananan kwaɗi suka baro kududdufi gaba ɗaya, suka cika hanya da tsakar gida, ba inda za ka sa ƙafa. Na Lami ma suka tsallake suka bi su. Ita kuma ba ta kai ga masarar ba. Wata rana da hantsi ta cika, a cinyar Inna, ina riƙe da ƙafarta.

An gaya mini ajali ne, na kuma yarda, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma ni na san lissafin da na gani. Tazarar da ke tsakanin ƙarewar wutsiya da nunar masara, ita ce daidai tazarar da Baba ya yi yana yawon neman iri. Baffa ne ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, shi ne babba, mutane na ce masa ya haƙuri yana cewa da godiya. Da masara ta nuna kuma aka gasa ta fari, al'ada ta ce maigida ake fara kai wa, kuma ni aka aika. Na kai masa a faifai, da zafinta, na durƙusa. Ya ɓare, ya ci, ya ce kai, ta bana akwai zaƙi. Ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa, ina faɗa da baki saboda an ce a faɗa. Zuciyata dai ba ta huce ba.

Bayan kaka Baba ya fita daga gandu ba tare da ya ɗaga murya ba. Har ya koma ga Allah bai sake jefa ƙwaya a ƙasa ba sai ya ga ƙwai da idonsa, ni ma haka na riƙe a ɗan filin da ke bayan ɗakina. An sha yi mini dariya, ban taɓa sake shuka sau biyu ba.

Sai ga shi 'yan shekarun nan samari sun bar fartanya sun koma feshin maganin ciyawa. Ban hana kowa ba, bayansu ne ya huta. Amma in sun gama sai su gangaro kududdufi su wanke famfon feshin a ciki, su jefar da robar maganin a nan. Bara na je na tarar da talibambam sun juya farin cikinsu sama, sun taru a gefe suna wari. Na tsaya na yi ta masifa har muryata ta dushe, suka ce tsohuwa ta rikice a kan kwaɗi. Habu nawa yana cikinsu, da famfonsa a baya.

Jiya da safe na ɗauki sandata na zagaya kududdufin kaf, ina buɗa ciyawa yadda Baba ke yi. Ruwa ga shi nan har ya fi na waccan shekarar. Leda na gani, da robobi, da tsutsar sauro. Da na dawo Habu ya same ni, wannan karon bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya ce Inna lokaci yana wucewa, in na ƙara jinkiri masarar ba za ta nuna ba kafin ruwa ya ɗauke. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

"To wa zan tambaya?" na ce masa. "Kun kashe masu gaya mini."

Ya miƙe ya tafi neman sungumi.

Yau da hantsi na buɗe tulun. Habu yana gaba da sungumi, ina baya da ƙoƙo, ina jefawa ina rufewa da diddigen da ya riga ya tsufa. Ban san ko ƙasa ta sha ba, ban san ko ruwan zai zauna ba. Na shuka ne a makance, yadda Baffa ya shuka, kuma kowane rami na rufe sai na ji kamar in fasa ihu. Da muka kai tsakiyar fili na ce ya isa. Habu ya duba ya ga da saura a tulu, ya miƙo hannu zai juye, na buge hannun. Ya ce Inna ga fili ya rage, sauran na mene ne?

Na ce, "Ko rabi ne a rage."

Ya dubi fuskata, ya janye hannunsa. Na toshe tulun da tsummansa na rungume shi na yi ɗaki. Wannan karon ba wanda ya girme ni a gidan.